Wanda Muka Aika Daji



Da aka ce wannan makon ni zan rubuta, na so in yi magana a kan haƙuri, don ita ce mai sauƙi. Na rubuta layi biyar na goge. Akwai wata magana da ta daɗe tana cina a rai, a kan wani dattijo na ikkilisiyarmu a Jibiya wanda dukanmu matasa muke ce wa Kawu. Ba zan faɗi sunansa ba. Na nemi izininsa kafin in rubuta, sai ya ce, "Rubuta, ɗana, amma ka sa har da naka." To, zan sa har da nawa.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa wajenmu ba, Jibiya gari ne na bakin iyaka. In ka taso daga Katsina ka iso Magama, nan ne mashigar Nijar, gaba kaɗan Ɗan Issa, sai Maraɗi. Da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a ƙetare. Kasuwarmu ranar Lahadi take ci, saboda haka muna fitowa daga sujada sai mu faɗa cikinta. Ta yamma kuma daji ne har Zurmi ta jihar Zamfara, ta kudu sai Batsari da dajin Rugu. Iyakar ce abincinmu, dajin kuma shi ne tsoronmu.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa muna ciki. Ko da aka buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, tamu ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. A duk tsawon wannan lokaci Kawu ɗan fito ne. Yana ɗaura buhunan shinkafa a babur, ya bi ɓarauniyar hanya da asuba, ya shigo da su gari. Kowa ya sani. Shinkafar da muka dafa a Kirsimeti biyu a jere, har wadda aka kai gidan fasto, ta bayan babur ɗinsa ta iso, kuma ban ji wanda ya ajiye cokali ya tambayi inda ta fito ba. Amma duk lokacin da za a zaɓi dattawa ko masu tsaron ƙofa, sunansa ba ya fitowa. Ba wanda ya taɓa cewa kada a sa shi. Ba ya dai fitowa.

Sai shekarar 2021 ta zo. A ƙarshen Agusta gwamna na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a dokar tsaro: aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama har da tamu, aka hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya. Manufar ita ce a shaƙe ɓarayin daji, a hana su mai da abinci da labari. Ba na jin akwai wanda ya ƙi manufar a cikinmu.

Cikin wannan hali, wani dare a watan Oktoba, suka shiga wata unguwa a bayan gari suka tafi da mutane, ciki har da wata mama 'yar zumuntar mata da ɗiyarta, wadda take rera waƙa a ƙungiyar mawaƙanmu. Bayan kwana uku suka sako wani tsoho da 'yar takarda a aljihu. Lambar waya ce, ta Nijar.

Na tuna zaman da aka yi a gidan fasto kamar jiya. Ni ne sakataren zumuntar matasa a lokacin, shi ya sa aka kira ni in riƙe littafi. Aka yi addu'a mai tsawo. Sa'an nan aka tsai da magana cewa ikkilisiya ba ta biyan kuɗin fansa, kuma ko kwabo ba za a taɓa daga baiko ba. Kowa ya gyaɗa kai. Sai wani dattijo ya ce, amma ai ba laifi ba ne 'yan'uwa su taimaki iyalin da ke cikin wahala. Kowa ya sake gyaɗa kai. Da hannuna na rubuta a saman shafi: "Taimakon iyali." A ƙasa na jera sunaye da abin da kowa ya bayar. Mijin matar ya sayar da geron da bai ma gama girbewa ba, ya jinginar da gona. Maƙwabtansa Musulmi suka kawo nasu, har da wani mai shayi da ya kawo canji a leda. Ni ma na sa abin da nake tarawa na sayen waya.

Da kuɗi suka fara taruwa, sai aka zo ga tambayar da kowa yake gudu. Wa zai kira lambar? Wa zai je? Mijin matar ya ce shi zai je, aka hana shi, domin an sha jin labarin wanda ya kai kuɗi aka riƙe shi, a sake neman wasu. Ɗakin ya yi tsit. Ina kallo idanu suka riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin ƙofa, inda Kawu yake zaune a kan tabarma, don ba a ba shi kujera ba. Ba wanda ya ce masa ka je. Wannan ina so ku riƙe shi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sai ya ce, "To, na ji."

Ku duba abin da "na ji" ɗin nan ta ƙunsa. Babu sabis a Jibiya, sai ya tsallaka iyakar da hukuma ta rufe, ya sami inda layin Nijar yake kamawa, ya kira. Ya yi wannan zirga-zirga sau da yawa. Ya yi ciniki a kan ran mutum kamar ana cinikin akuya, ana ce masa albarka, yana ƙarawa. Wani lokaci su kara wayar a bakin yarinyar don ya ji kukanta. Bayan kuɗi suka ce sai da fetur a jarka, da katin waya, da taba. A kowane shinge na hanya ya yi ƙarya a kan abin da ke cikin jakar bakkon da ya ɗaure a baya, inda ƙarya ba ta isa ba ya ba da na goro. Ba takun da ya yi wanda bai taka wata doka ba. Ya shiga daji ranar Alhamis, ranar Asabar da la'asar ya fito da su biyun, ƙafafunsu duk sun kumbura.

Ranar Lahadi aka yi sujadar godiya. Aka buga ganga, mata suka yi guɗa, aka yi rawa har ƙura ta tashi. Aka ba da shaida cewa Ubangiji ya kuɓutar da su da hannunsa mai iko, kuma gaskiya ne, ban janye ko kalma ɗaya daga ciki ba. Sai dai daga farkon sujadar har albarkar ƙarshe, ba a ambaci Kawu ba. Yana bencin baya, wurinsa na kullum.

Ba a yi wata guda ba sai raɗa ta fara. Yaya aka yi ya san hanyarsu? Me ya sa shi ba su riƙe shi ba? Anya duk kuɗin ya kai? Har na ji wani ya furta kalmar "infoma," kuma duk wanda ya zauna a Jibiya a shekarun nan ya san wannan kalma tana iya sa a kashe mutum kafin a tambaye shi sunansa.

Yanzu ga nawa. A farkon 2022 muka zauna zaɓen iyayen zumunta, wato dattawan da za su riƙa ba matasa shawara. Yarinyar nan da aka ceto ta ɗaga hannu ta ba da sunan Kawu. Ni na tashi na hana. Na buɗe Romawa 3:8, inda Manzo Bulus ya la'anci tunanin a aikata mugunta don alheri ya fito, na ce bai kamata mu ɗora wa matasa mutumin da yake mu'amala da masu zub da jini ba. Na yi maganar da kyau, har aka tafa mini. Ita kuwa ta sauke hannunta, ba ta ƙara cewa komai ba. Da Majalisar Dattawa ta amince a watan Afrilun shekarar da gyaran dokar da zai sa a ɗaure mai biyan kuɗin fansa shekara 15 aƙalla, ni na tura labarin a zaurenmu na WhatsApp, na rubuta a ƙasa, "A lura." Littafin "Taimakon iyali" kuwa yana cikin akwatina, ƙarƙashin rigar zumunta.

Mahaifiyata ce ta tsaga ni. Wata ranar Jibin Ubangiji muna dawowa gida, ta ce, "Kai mai yawan ayoyi, ka lura Kawunka ya kusa shekara bai miƙa hannu ga gurasa ba?" Ban lura ba. Wa yake waiwayen bencin baya?

Na same shi da yamma a gindin dogonyaron ƙofar gidansa yana gyaran sarƙar babur. Na durƙusa na gaishe shi. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Kawu, ko wani ya hana ku Jibi ne?" Ya ce ba wanda ya hana shi. Ya goge hannu da tsumma, sai ya faɗa mini abubuwa uku da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa.

Na farko, a cikin kayan da suka ce a kawo har da ƙwaya, irin wadda suke sha kafin su fita. Bai faɗa wa dattawa ba, don ya san in ya faɗa dole su ce a'a, in kuma suka ce a'a yarinyar ba za ta dawo ba. Ya saya da kuɗin aljihunsa. Ya ce, "Na bar su da tsabtarsu."

Na biyu, a sansanin ya ga wani tsoho ɗaure da sarƙa a gindin itace, wanda mutanensa ba su sami abin kawowa ba. Tsohon ya kira shi ya faɗa masa sunan ƙauyensa, ya roƙe shi. A lokacin an zuba wa Kawu abinci, an ce sai ya ci tare da su kafin a ƙirga kuɗi. Ya ci, tsohon yana kallonsa. Ya fito ya bar shi a can.

Na uku, mako uku bayan dawowarsa aka kai hari wani ƙauye, aka kashe mutane, a kan babura aka je. Ya ce, "Ɗana, a lokacin nan mai ya fi zinariya wuya a daji. Ni na kai musu jarka biyu. Ka yi boko, ka lissafa mini." Sa'an nan ya ce duk sa'ad da faifan gurasa ya iso gabansa, hannun da zai miƙa shi ne hannun da ya miƙa jarkar.

Na rasa ta cewa. Ayar da na yi ta wurgi da ita ta maƙale mini a wuya.

Ina so ku fahimce ni da kyau, 'yan'uwa, don na san wasunku za su ce zan wanke abin da ba ya wankuwa. A'a. Kuɗin fansa shi ne abincin wannan sana'a, kowace jaka da ta shiga daji tana sayen harsashin da zai fito. Ƙarya ƙarya ce, ƙwaya ƙwaya ce. Na san akan kawo misalin ungozomomin Ibraniyawa da suka ruɗi Fir'auna, ko Rahab da ta ɓoye 'yan leƙen asiri, amma su ba su ba mugu makami ba, don haka ba zan fake da su ba. Kawu ma bai fake da su ba, shi da kansa ya fi kowa sanin nauyin abin. Maganar Bulus tana nan daram. Abin da ban gani ba sai daren nan da na sake buɗe ayar shi ne, da bakin jam'i aka yi ta. "Mu" ne a ciki, ba "shi" ba. In mugunta aka yi don alheri ya fito, to, wa ya yi ta? Wanda ya ɗauki jakar, ko waɗanda suka cika ta, suka sauya mata suna, suka juya idanu zuwa bakin ƙofa?

Daga baya karatuna ya kai ni Littafin Firistoci sura 16, wurin da yawancinmu muke tsallakewa. A Ranar Kafara, Haruna yakan ɗora hannuwansa biyu a kan bunsuru mai rai, ya furta laifofin jama'a duka, sa'an nan a ba wani mutum da aka keɓe ya ja bunsurun zuwa jeji ya sake shi. Kullum wa'azi a kan bunsurun yake tsayawa. Ni kuwa mutumin ne ya tsaya mini a rai. Ba a faɗi sunansa ba. Jama'a suna cikin zango suna jiran gafara, shi kaɗai yana tafe cikin rana da abin da kowa yake ƙyama. Amma ku karanta aya ta 26. An shirya masa hanyar dawowa: ya wanke tufafinsa, ya yi wanka, ya shigo zango. Haka ma a Littafin Ƙidaya sura 31, mayaƙan da suka dawo da jini a hannu an ce su zauna bayan zango kwana bakwai, su tsarkaka a rana ta uku da ta bakwai, sa'an nan su shigo.

Na sani aikin mutumin nan umarnin Allah ne, na Kawu kuwa akwai laifi a ciki, ba daidai suke ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda Shari'a ta bi da wanda aka aika. Ba ta yi kamar bai ƙazantu ba, ta kuma sa wa zamansa a waje iyaka. Mu ba mu yi ko ɗaya ba. Ba mu yarda an yi abin ƙazanta ba, tunda a littafinmu taimakon iyali aka yi. Tunda kuwa ba mu yarda ba, ba mu da ruwan da za mu ba shi ya yi wanka. Muka bar shi a bayan zango ba ranar shigowa. Har ma mun ruɗe, muka mai da mai jan bunsuru ya zama shi ne bunsurun, alhali mun sani wanda ya ɗauki zunubinmu ɗaya ne, kuma Ibraniyawa 13 ta nuna mana a bayan ƙofar gari ya sha wuyarsa, can kuma aka ce mu fita mu same shi. Kayafa ne ya fara lissafin cewa gara a sadaukar da mutum ɗaya jama'a su tsira, kuma bai ba da kansa a lissafin ba.

Ba mu kaɗai muke wannan hali ba. Da aka sace ɗalibai 121 na makarantar Bethel Baptist a Kaduna ranar 5 ga Yuli 2021, an yi ta sako su rukuni-rukuni, daga baya shugabannin Kirista na jihar suka fito fili suka ce an biya kuɗi. Wasu ne suka kai kuɗin nan, ba mu san fuskokinsu ba. Tukur Mamu, da ya shiga tsakani a kan fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, an kama shi a Alƙahira a Satumba 2022 aka gurfanar da shi bisa zargin tallafa wa ta'addanci. Hukuncinsa na kotu ne, ba nawa ba, amma duk mai shiga tsakani a ƙasar nan ya ji saƙon. Masari da kansa ya shiga daji a 2019 ya zauna da su, daga baya ya ce ya yi nadama. Gwamna Dikko Raɗɗa ya sha faɗin cewa gwamnatinsa ba ta neman sulhu da 'yan bindiga, amma a farkon 2025 dattawan Jibiya suka zauna da su aka yi sulhu, manoma suka koma gonakin da suka daɗe da bari. Waɗanda suka gudo daga Shimfiɗa a Maris 2022 da yara a goye sun san darajar wannan. Amma wasu mutane ne suka miƙa hannu suka gaisa da waɗanda suka kashe musu 'yan'uwa, domin ni da kai mu yi barci. In sulhun ya ɗore, za a ce an samu zaman lafiya. In ya wargaje, sunayensu za a nema.

Na ɗauki littafin nan na kai wa fasto. Na ce, "Baba, ga sunayenmu, har da nawa, har da naku." Ya daɗe yana juya shafin. Bai ce mini komai ba ranar. A Jibin da ya biyo baya, kafin a raba gurasa, ya ce kowa ya tashi tsaye. Ya ce a Oktoban 2021 wannan ikkilisiya ta tara kuɗi ta aika wa masu kisa don ta fanshi 'ya'yanta biyu, ta kira abin da wani suna, ta kuma bar mutum ɗaya ya ɗauki nauyin. Ya yi addu'ar tuba, ya roƙi jinƙai domin ƙauyen da aka kai wa hari da kuma duk wanda aka bari a daji. Daga farko har ƙarshe "mu" yake cewa. Wasu ba su ji daɗi ba, wani dattijo ma ya yi wata biyu bai zo sujada ba. Ni kuma na tashi a taron matasa na nemi gafarar yarinyar nan, na kuma je na nemi ta Kawu.

Ranar bai ci Jibi ba. Wanda ya biyo baya ma bai ci ba. Sai a na uku na ga ya miƙa hannu, mahaifiyata ta taɓa ni da gwiwar hannu.

A ƙarshen 2023, lokacin an sake rufe iyaka saboda juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli, wani maƙwabcinsa Musulmi ya buga masa ƙofa da dare. An ɗauke masa ƙane. Kawu ya zo ya faɗa wa fasto, wannan karon bai ɓoye komai ba, har jerin kayan da aka nema. An yi gardama sosai, kuma har yau ban iya cewa abin da aka yanke daidai ne ba. Ƙwaya dai ya ce ba zai ƙara kaiwa ba ko me za a yi, ya kuma faɗa musu haka a waya. Ya tafi.

Mu huɗu muka raka shi har inda gonaki suka ƙare, mu biyu daga zumunta, biyu daga gidan maƙwabcin. Muka zauna a gindin wata tsamiya, su suna jan carbi, mu muna addu'armu a hankali. Matar Kawu ta ba ni jarkar ruwa da sabulu da wankakkiyar riga a leda, ta ce kullum in ya fito daga can ba ya son shiga gida da kayan jikinsa. Ashe tun karon farko a bayan gari ya tsaya ya yi wanka shi kaɗai, da ruwan wani kududdufi.

Rana ta kusa faɗuwa muka ji ƙarar babur. Mutum biyu ne a kai. Da ya tsaya, ya dube mu, ya dubi jarkar, ya ce, "Wa ya ce ku zauna nan? In da sun biyo ni fa?" Na ce, "Kawu, ku kawo hannu." Ya miƙo, na zuba masa.